Yadda ake ziyartar Marken da Volendam, ƙauyukan masunta na Holan, a yini guda

Duk wanda ya sauka Amsterdam, karatu ya kawo shi ko taro ko kasuwanci, sai an ba shi shawarar ya leƙa ƙauyukan masunta kafin ya koma gida. Tambayoyin da ake ta aiko mini ba sa wuce uku: ta ina ake bi, nawa ake kashewa, me mutum zai ci a can. Ga amsar daki-daki. Ba sai ka biya kamfanin yawon buɗe ido ya cusa ka a doguwar mota ba. Da kanka za ka iya, kuma sirrin abin yana cikin jerin tafiyar: ka fara da Marken da safe, ka haye ruwa zuwa Volendam da rana, ka dawo ta bas da yamma. Yawancin baƙi akasin haka suke yi, shi ya sa suke tarar da cunkoso a wuraren biyu.

Akwai abu ɗaya da in ba ka san shi ba, rabin abin da za ka gani ba zai yi maka ma'ana ba. Ruwan da ke gaban ƙauyukan nan a da teku ne mai gishiri, ana kiransa Zuiderzee. A 1932 aka toshe bakinsa da wata ganuwar tare ruwa mai tsawon kilomita 32, Afsluitdijk, tekun ya koma tafki, kifin gishiri ya ɓace, sana'ar dubban masunta ta durƙushe. Abin da za ka je gani shi ne ragowar waccan rayuwar.

1. Zaɓi lokaci da rana

Daga Afrilu zuwa Oktoba ne lokacin zuwa. A wannan tsakani jirgin fito yana kai da kawo akai-akai, gidan tarihin Marken kuma a buɗe yake. Da hunturu akan rage zirga-zirgar jirgin, wasu wurare su rufe, duhu ya shigo tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso. Ni Mayu ko Satumba nake ba mutane shawara.

Ranakun aiki sun fi ƙarshen mako. Mutanen Marken Kiristoci ne 'yan Furotesta masu girmama Lahadi, don haka safiyar Lahadi ƙauyen shiru yake, wasu wurare ma a makare suke buɗewa. Mai son ganin 'yan ƙauyen cikin kayansu na gargajiya ya nufi ranar 27 ga Afrilu, ranar bikin Sarki, amma ya san cewa a ranar ƙasar gaba ɗaya a hargitse take da biki, jadawalin motoci ma yakan canza.

Gargaɗi: idan daga gida za ka taso musamman, bizar Shengen kake buƙata. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, sai an haɗa da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun saura wata 6. Kada ka bari sai saura mako biyu.

2. Haɗa kayan tafiya tun daren jiya

Iska ce babbar matsalar bakin ruwan nan, ba ruwan sama ba. Ko ka ga rana ta fito tarwai a Amsterdam, ka ɗauki rigar sanyi mai tare iska da ruwa, wadda ke da hula. Laima ba ta daɗewa a kan ganuwa, iska ce ke juya ta. Takalmi ya zama mai laushi marar tsini, domin hanyoyin ƙauyen tubali ne, in sun jiƙe santsi gare su. Mai babbar riga ko dogon mayafi ya yi shirin kama su da kyau a cikin jirgi.

Sai waya mai caji, da manhajar 9292, wadda ke nuna lokacin kowace bas da jirgin ƙasa a faɗin ƙasar. Sai gorar ruwa, domin ruwan famfon Holan ana sha lafiya lau. Sai ƙaramar darduma. Ka yi alwala kafin ka fito, kada ka dogara da samun masallaci a ƙauyukan. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. A tsakiyar bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ka ga kana da sararin dawowa birni kafin magariba.

3. Shirya hanyar biyan kuɗin mota

A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, don haka zan tsaya a kansa.

Ba a biyan direban bas da tsabar kuɗi. Hanya biyu gare ka. Ta farko, katin banki irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da an zura shi ba. Tsarin sunansa OVpay: ka taɓa katin a na'urar da ke bakin ƙofa lokacin shiga, ka sake taɓawa lokacin sauka, a cire maka kuɗin nisan da ka yi. Ta biyu, tikitin yanki mai suna Amsterdam & Region Travel Ticket, na kwana 1 ko 2 ko 3, wanda ke aiki a bas da taragon cikin gari da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen ƙasa na yankin. Na kwana ɗaya ya ɗan haura Yuro 20. Idan zuwa da dawowa kawai za ka yi, biya da katin banki ya fi sauƙi. Idan za ka haɗa da garuruwan kusa irin su Edam ko Monnickendam, ko kana da zirga-zirga a cikin birni da dare, tikitin yankin ya fi riba.

Kuskure uku ake yawan yi. Na ɗaya, mutum ya sayi tikitin yini na GVB, kamfanin motocin cikin birnin Amsterdam, ya ɗauka zai kai shi Volendam. Ba zai kai shi ba, motocin ƙauyukan na wani kamfani ne daban. Na biyu, mantawa da taɓa kati lokacin sauka, wanda ke jawo a cire kuɗin da ya fi na tafiyar. Na uku, mutum biyu su yi niyyar amfani da kati ɗaya. Kowa da nasa ake so, kuma katin da ka shiga da shi, da shi za ka fita. In ka shiga da waya ka fita da katin roba, na'urar za ta ɗauke su a matsayin abu biyu.

Gargaɗi: katunan Naira sukan ƙi aiki a waje ba tare da sanarwa ba. Gwada katinka tun a filin jirgin sama na Schiphol ko a wani kanti kafin ranar tafiya. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, takardun Yuro 5 da 10 da 20 da 'yan sulalla. Ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar takardar Yuro 100, balle 200.

4. Tashi zuwa Marken da sassafe

Ka bar masauki yadda za ka isa Marken wajen ƙarfe tara da rabi. Rubuta Marken a manhajar 9292, za ta nuna maka ko daga babbar tashar Amsterdam Centraal za ka hau, ko sai ka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 52 zuwa tashar Noord ka kama bas a can. A Centraal, tashar bas tana bayan ginin ne, a sama, ta ɓangaren ruwa. Baƙi da yawa sukan fita ta ƙofar gaba su yi ta bulayi a cikin taragai.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Za ku ratsa filayen kiwo masu cike da magudanai, ku bi ta Monnickendam, sannan motar ta hau wata siririyar hanya da ruwa dama da hagu. Wannan ganuwar ce ta haɗa Marken da tudu a 1957. Kafin nan tsibiri ne, sai da jirgi ake shiga. Ka sauka a tashar da ta fi kusa da Kerkbuurt, unguwar coci. Danna maɓallin tsayawa kafin a iso, direba ba ya tsayawa haka kawai.

Wanda ya zo da motar haya ya sani baƙi ba sa shiga cikin ƙauyen da mota. A filin ajiye motoci na bakin gari ake barin ta, kuma biya ake yi.

5. Zaga Marken da ƙafa

Ƙauyen ƙarami ne, mazaunansa ba su kai 2,000 ba, amma nan ne zuciyar ziyarar. Ba shi awa uku in kana da su.

Fara da gidan tarihi na Marker Museum a Kerkbuurt, wanda aka haɗa daga tsofaffin gidajen masunta guda 6. Kuɗin shiga bai kai Yuro 10 ba, kuma minti 40 sun isa. Lura da girman ɗakunan, yadda iyali guda ke rayuwa a ɗan wuri, da gadajen da aka gina a cikin bango kamar kabad mai ƙofa. Tsofaffin gidajen ba su da bututun hayaƙi, ta wata kafa a rufi hayaƙin murhu ke fita, a hanyarsa yana busar da ragar kamun kifi da aka rataye a sama. Kayan sawa na mata ma suna nan, masu ado da ɗinki kala-kala, kowane irin biki ko makoki da nasa.

In ka fito, duba yadda gidajen suke a cunkushe a kan 'yan tuddai, lunguna siriri har mutum biyu ba sa jerawa. Tuddan nan da hannu aka tara su don tsere wa ambaliya, ana kiransu werven, kuma kowanne unguwa ce mai sunanta, kamar Rozewerf da Grotewerf da Moeniswerf. Da tuddan suka cika, sai aka koma gina gidaje a kan dirkokin katako, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. A Havenbuurt, unguwar bakin tasha, za ka ga irinsu an yi musu fenti kore da baƙi da ratsin fari. Bayan an toshe teku ne aka rufe ƙasan aka mai da shi ɗaki, shi ya sa matakalar shiga gidaje da yawa take hawa sama daga waje. Tsoron ruwan ba na banza ba ne. A Janairun 1916 ambaliya ta kashe mutum 16 a Marken, kuma ita ce ta ingiza gwamnati ta amince da shirin injiniya Cornelis Lely na toshe tekun, wanda aka mai da shi doka a 1918.

Daga nan ka nufi Rozewerf a gefen kudu. A cikin ruwa gaban gidajen akwai wasu manyan katakai da aka kafa a karkace. Aikinsu fasa ƙanƙarar da iska ke turowa da hunturu kafin ta rushe gidaje. Masu sauri ba sa zuwa nan, alhali ya fi shagunan tsaraba faɗin gaskiyar rayuwar wurin.

Mai ƙarfin ƙafa ya ci gaba zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke ƙuryar gabas, Paard van Marken, wadda ginin da ake gani yanzu na 1839 ne. Tafiyar kamar minti 40 ce daga tsakiyar ƙauye, haka ma dawowa. Ba a shiga ciki, daga waje ake kallo. Zagaye tsibirin gaba ɗaya ta kan ganuwa kuwa kimanin kilomita 9 ne. Ana aikin ƙarfafa ganuwar a 'yan shekarun nan, don haka in ka ga an tare wani sashe, bi alamar da aka sa. In kana tare da yara ko dattijo, ka bar hasumiyar, Rozewerf ta wadatar.

Gargaɗi: gidajen nan mutane ke zaune a cikinsu, ba kayan kallo ba ne. Al'adar mutanen Holan ce barin labule a buɗe, amma wannan ba gayyata ba ce. Kada ka leƙa taga, kada ka shiga tsakar gida, kada ka zauna a matakalar mutane don ɗaukar hoto. In ka ga dattijuwa cikin kayan gargajiya, nemi izini kafin ka ɗaga waya. Kuma hanyar da ka ga an shafe da jan launi ta masu keke ce. In ka ji ƙararrawa a bayanka, matsa gefe nan take.

Akwai wurin sassaƙa takalmin katako a ƙauyen, inda ake nuna yadda injin ke fafe shi cikin 'yan mintuna. Leƙawa ba laifi, amma kada ya ci maka lokaci.

6. Haye ruwa a jirgin fito

Jirgin Marken Express daga bakin tashar Havenbuurt yake tashi, kuma kimanin minti 30 yake yi zuwa Volendam. Sayi tikitin zuwa kawai, tunda ta bas za ka koma Amsterdam daga can. Masu sayarwa sukan fara ambaton na zuwa da dawowa, sai ka faɗi abin da kake so. Kuɗin yana tsakanin Yuro 10 da 20, gwargwadon wanda ka zaɓa. Tikitin yankin da katin bas ba sa aiki a jirgin.

Da isarka Marken da safe ka duba lokacin tashin jirgin, ka tsara yawonka a kansa. Ruwan ba shi da zurfi kuma ba ya yawan tumbatsa, don haka mai tsoron jiri ya kwantar da hankalinsa. Hau saman jirgin in iska ta bari, domin daga ruwa ne ake ganin Volendam yadda masunta ke ganinta in sun dawo: jerin gidaje a kan ganuwa, coci a bayansu. Buɗe ido ko za ka ga botter, jirgin katako mai faffaɗan ciki da ke tafiya da iska, mai wani allo kamar fiffike a kowane gefe. Saboda rashin zurfin Zuiderzee aka ƙera su da shimfiɗaɗɗen gindi, allunan nan kuma su ke hana iska ture jirgin gefe. Irin na Volendam ya fi girma, ana ce masa kwak.

7. Ci kifi a bakin tashar Volendam

Jirgin zai sauke ka a De Dijk, titin bakin ruwa mai cike da shaguna da gidajen abinci da jama'a. Kada ka zauna a gidan abinci na farko da ka gani. Rumfunan kifi na tsaye sun fi araha, kuma abin da ka zo ci yana wurinsu.

Abu uku ne. Kibbeling gutsattsarin farin kifi ne da ake tsomawa a kwaɓin fulawa a soya, a ba ka da miyar dangwale, kuma shi ne mafi sauƙi ga baƙon harshe. Haring ɗanyen kifi ne da aka jiƙa da gishiri, ana ci da yankakkiyar albasa da tsamammiyar kokwamba. In ba ka saba ba, ce a sa maka a burodi. Na uku shi ne paling, dogon kifi mai siffar maciji, wanda ake kyafawa, kuma da shi aka san Volendam. Mai gare shi sosai, ga tsada, don haka fara da burodi ɗaya. Gidan kyafa kifi na Smit-Bokkum, wanda ke aiki tun 1856, yana can gefen ƙauyen in kana son ganin inda ake yin aikin. Kowane ɗaya daga cikin ukun a rumfa ba ya cika wuce Yuro 10.

Gargaɗi ga mai kiyaye halal: wasu suna zuba giya a kwaɓin kibbeling, don haka tambaya kafin ka saya. Kusan kowa a can yana jin Turanci. Miyar wake mai kauri da suke kira snert ko erwtensoep da naman alade ake yin ta. In ka ga ham ko spek ko varken a takardar abinci, alade ne. Tsaya a kan kifi da dankali da cuku ka huta.

Gargaɗi na biyu: tsuntsayen bakin ruwa suna fauce kifi daga hannun mutum kamar yadda shirwa ke fauce ɗan tsako. Ci a ƙarƙashin rumfa, ko ka juya wa bango baya. Kada ka jefa musu ko ɓarɓashi, sauran za su taru a kanka.

Banɗaki na kuɗi ne, daga rabin Yuro zuwa Yuro ɗaya, kuma babu buta. Gorar ruwanka za ta yi amfani.

8. Sauka bayan ganuwa

Wanda ya tsaya a De Dijk kaɗai zai koma yana cewa Volendam kasuwar tsaraba ce, kuma ba zai yi ƙarya ba. Nemi ɗaya daga cikin 'yan matakalan da ke gangarawa tsakanin shaguna ka sauka. Taku kaɗan za ka samu kanka a Doolhof, tsohuwar unguwar masunta mai murɗaɗɗun lunguna da ƙananan gadoji da gidaje 'yan tsugul, hayaniya duk ta ɗauke. Ɓacewa a ciki ba abin damuwa ba ne, unguwar ba ta da girma, hasumiyar cocin Sint Vincentius kuma tana nuna maka hanya. Volendam ta 'yan Katolika ce, Marken ta 'yan Furotesta, ga su ruwan minti 30 ne tsakaninsu amma sutura da al'ada kowa da nasa.

Daga nan wuce Volendams Museum a titin Zeestraat. Akwai ɗakunan masunta da kayan aikinsu da samfurin jirage, da kuma wani ɗaki da aka lulluɓe da zane-zanen da aka haɗa da miliyoyin takardun da ake naɗe sigari da su. Awa ɗaya ta isa. In ka koma bakin ruwa, leƙa otal ɗin Spaander, wanda aka buɗe a 1881. Masu zane daga ƙasashe daban-daban sun riƙa sauka a can suna zana masunta da matansu, wasunsu da zane suke biyan kuɗin ɗaki, shi ya sa bangon ya cika da hotuna. Kofin shayi ya isa ya ba ka damar zama ka kalla.

Shagunan da ke sanya wa baƙi kayan gargajiya su ɗauke su hoto suna nan birjik. Tambayi farashi tukuna, da ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na hoto ɗaya, da ko za a tura maka shi a waya. Tsarabar takalmin katako da cuku kuwa, kwatanta shago biyu ko uku, kuma ka sani ba a ciniki. Cukun da za ka kai gida ya zama wanda aka rufe a leda aka zuƙe iskarsa.

9. Komawa Amsterdam

Bas mai lamba 316 ce ke bi ta Volendam zuwa Amsterdam, tafiyar kamar rabin awa. Tashar tana cikin gari, 'yan mintuna da ƙafa daga bakin ruwa. Tabbatar ka tsaya a gefen titin da ke nufar Amsterdam, domin ɗaya gefen Edam ake zuwa. Ɗaga hannu in ka hango motar. Idan da sauran rana da ƙarfi a jikinka, Edam kilomita 3 ce kacal, garin cuku mai magudanai da natsuwa, kuma daga can ma akwai bas zuwa birni.

Lissafin yinin ga mutum ɗaya: mota kamar Yuro 15 zuwa 25, jirgin fito na zuwa kawai wajen 10 ko sama kaɗan, gidajen tarihi biyu ƙasa da 20, abinci da shayi 20 zuwa 25. Ka ware Yuro 70 zuwa 80 ban da tsaraba da hoto. Farashi yana motsawa kowace shekara, don haka duba na jirgin da na tikitin yanki a daren da za ka tafi.

10. In kana da kwana na biyu

Mai son jiragen ruwan kansu da sana'ar kamun kifi ya ƙara da garin Enkhuizen. Jirgin ƙasa daga Amsterdam Centraal kai tsaye yake zuwa, kamar awa ɗaya. A can Zuiderzeemuseum yake, inda aka kwaso tsofaffin gidaje da shaguna da wuraren sana'a sama da 100 daga garuruwan bakin tsohon tekun aka sake kafa su a fili guda, ana kyafa kifi a gabanka, ana tufka igiya, ana gyaran raga. Ɓangaren cikin gini kuma yana da babban zaure cike da jiragen katako na gaske. Filin na waje daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yake buɗewa, kuma a lokacin akwai jirgin ruwa da ke ɗaukar baƙi daga kusa da tashar jirgin ƙasa zuwa can. Kada ka yi ƙoƙarin cusa shi a rana ɗaya da Marken da Volendam, shi kaɗai yana cin awa huɗu zuwa biyar. Kafin ka dogara da tikitin yanki a wannan tafiyar, duba taswirar da ke tare da shi ka ga iyakar inda yake aiki, in bai kai ba ka taɓa katin bankinka a ƙofar tasha ko ka sayi tikitin jirgin ƙasa daban.